Ta ina Bahaushe zai kama harshen Zulu?

Ɗan Bakin Kasuwa: Salamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masana harshe na wannan zaure. Mutumin da Hausa ce a bakinsa, yana son ya koyi Zulu saboda zama ko kasuwanci a Durban ko Johannesburg, ta ina ya kamata ya faro? Duk wanda ka tambaya sai ya tsorata ka da sautukan nan masu kama da ƙwafa. Su ne ainihin wahalar, ko akwai abin da ya fi su?

Malam Mai Furuci: Wa'alaikumus salam. Ba su ba ne. Sun dai fi jan kunne, shi ya sa ake yawan zancensu. Uku ne kacal a tushe, kuma ana rubuta su da c, q da x. Yadda ake yin su duka ɗaya ne: ka ɗaga ƙarshen harshe ta ciki ya toshe hanɗa kamar za ka ce k, ka manne gaban harshe a wani wuri, ka ɗan sauke tsakiyarsa, sannan ka saki gaban. Iskar da ta faɗa cikin wannan ɗan rami ita ke ba da ƙarar. Bambancinsu a inda gaban harshen ya manne ne. A c, bayan haƙoran sama na gaba, sai ya fito kamar tsaki mai sauƙi. A q, can sama da dasashi wajen ganɗa, a fizge harshen ƙasa da ƙarfi, ya yi ƙara kamar an cire toshiyar kwalba. A x, tsinin harshe yana nan a manne, gefe ɗaya ake saki, irin abin da masu doki ko jaki ke yi idan suna kora dabba.

Bahaushe yana yin duk waɗannan a rayuwarsa, amma su kaɗai, ba wasali a bayansu. To nan ne ake tuntuɓe: mutum ya yi ƙwafar, ya tsaya, sannan ya kawo wasalin, sai kalma ta rabu biyu. Maganinsa a sa sautin tsakanin wasula biyu a ja murya ba yankewa: aca, aqa, axa. Idan ya zauna sai a koma kalmomi: cela, roƙa, qala, fara, xoxa, yi hira, iqanda, ƙwai, ixoxo, kwaɗo. Kowanne cikin ukun yana da fuska biyar: shi kaɗai, da hucin iska (ch, qh, xh), da murya mai nauyi (gc, gq, gx), ta hanci (nc, nq, nx), sai ta hanci da nauyi (ngc, ngq, ngx). Jimla 15. Minti ashirin kullum, cikin mako biyu zuwa uku galibin mutane sun kama su.

Hajiya Mai Alli: Malam ya manta da tarkon rubutu, kuma shi ne na farko da ke kama mai karatun boko na Hausa. Mu c ɗinmu ta "ciki" ce da "cokali". Saboda haka Bahaushe ya ga cela zai karanta ta da c ɗin Hausa, ya ga sunan Sarki Cetshwayo, wanda dakarunsa suka karya rundunar Ingila a Isandlwana ranar 22 ga Janairun 1879, ya karanta shi haka nan. Duk kuskure ne. Kalmar "a'a" ma a Zulu cha ce, tsaki ne da hucin iska. Haka kuma ph ba f ba ce, th ba ta Turanci ba ce, kh ba ta Larabci ba ce. H ɗin tana nufin a biyo baƙin da huci kawai.

Malam Mai Furuci: Gaskiyarki Hajiya, kuma kin kawo ni inda nake son zuwa. A wajen baƙaƙe Bahaushe ya fi Bature gata nesa ba kusa ba. Abin da Zulu ke rubutawa b haɗiyau ce, wato kusan ɓ ɗinmu, ita kuma b tamu ta "baba" da "bisa" su bh suke rubuta ta. Ga misali: bala, ƙirga, amma bhala, rubuta, beka, ajiye, amma bheka, duba. Bature kan yi watanni bai ji bambancin ba, mu kuwa bari da ɓari ne kawai. Ts ɗinsu ma tunkuɗau ce kamar tamu. P, t, k marasa h ana fitar da su da ɗan tunkuɗa, musamman a farkon saiwa, wato gundarin kalma bayan an cire ɗafi, don haka mai ƙ a bakinsa ya riga ya san hanya: kala, auna, da khala, yi kuka. Sai dai k da ke cikin ɗafi kamar uku- tana da laushi, tana neman g.

Inda muke da rauni shi ne leɓɓa. Hausa ba ta raba f da p, kuma ba ta da v. Zulu tana da p, ph, f, v, huɗu daban. Fika, iso, phika, musanta, vika, kare kai daga duka. Funa, so, vuna, girbe. Wanda ya ce zai "phika" gobe alhali "fika" yake nufi ya faɗi wani abu dabam. A riƙe 'yar takarda gaban baki: a ph dole ta motsa, a p kada ta motsa, a f da v kuwa haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa, abin da Bahaushe ba ya yi a f ɗinsa. Wannan ya fi ƙwafa cin lokaci.

Basakkwace: Ƙarin bayani kaɗan. Tsh ta Zulu, kamar a tshela, gaya wa, c ce mai tunkuɗa. Mutanen Sakkwato da Katsina suna da ita a bakinsu, inda Bakano zai ce tsi su kan kai ta wajen c mai ƙarfi. Wannan karon mu muka ci riba. Sai hl da dl: a sa harshe kamar za a ce l, a hura iska ta gefe. Hl ba murya, dl da murya. Hlala, zauna, dlala, yi wasa. Kada a saka wasali a tsakani a ce "hilala".

Baffa na Yola: Ni dai ban yarda a ɓata makonni a kan furuci ba. Mai jin Zulu zai yafe maka q da ba ta fito ba, amma idan ka rikita azuzuwan suna maganarka ta zama ta yara. Hausa tana raba suna gida uku ne, namiji, mace, jam'i. Zulu ba ruwanta da jinsi sam, yena shi ne "shi" kuma shi ne "ita". A maimakon haka kowane suna yana da ɗafa-goshi da ke nuna ajinsa, kuma jam'i canjin wannan ɗafi ne:

umuntu, abantu: mutum, mutane
ubaba, obaba: uba, ubanni
umuthi, imithi: itace ko magani
igama, amagama: suna ko kalma
isandla, izandla: hannu
inja, izinja: kare
uphondo, izimpondo: ƙaho

Sai ubu- na sunayen hali, kamar ubuntu, mutuntaka, da uku- na sunan aiki, kamar ukudla, ci ko abinci. A lissafin masana Bantu, dangin harsunan da Zulu ke ciki, lambobin azuzuwan suna tafiya daga 1 zuwa 11, a tsallake 12 da 13 don Zulu ba ta da su, a koma 14 da 15. Sunan harshen kansa darasi ne: isiZulu harshe, umZulu mutum ɗaya, amaZulu jama'a, KwaZulu ƙasarsu, izulu kuma sama.

Aikin ba a sunan yake ba, a abin da ke biye da shi yake. Aikatau, mallaka, sifa, duk sai sun ɗauki alamar ajin. Umfana uyahamba, yaro yana tafiya; abafana bayahamba. Inja iyagijima, kare yana gudu, izinja ziyagijima. "Nawa" kuma: umntwana wami, abantwana bami, igama lami, amagama ami, isandla sami, inja yami. Mai jin Fulatanci ba zai ga baƙon abu a nan ba, don haka nagge, saniya, da puccu, doki, suke jan nasu alamomin. Bahaushe zalla shi ne zai sha aiki. Shawarata kada a taɓa haddace suna shi kaɗai. A haddace tilo, jam'i da "nawa" a tare, sunaye goma a rana, aji ɗaya a mako.

Malam Mai Furuci: Baffa, ba musu a kan nauyin azuzuwa. Amma furucin da ya kafe a karkace ba ya miƙuwa daga baya, icce tun yana ɗanye. Mako biyu ba asara ba ce.

Baffa na Yola: A haɗa su to. Kalmomin da za a yi atisayen furuci da su su zama sunaye da jam'insu, iqanda da amaqanda, ixoxo da amaxoxo. Jifa ɗaya tsuntsu biyu.

Hajiya Mai Alli: Akwai dalilin da ya sa maganar Baffa ta wuce nahawu. A ma'adinan zinariya da lu'ulu'u na Afirka ta Kudu an yi amfani da wani gauraye da ake kira Fanagalo, yawancin kalmominsa na Zulu ne, amma an zubar da alamomin aji gaba ɗaya, ana cewa mina hamba, wena hamba, a manna lo gaban kowane suna. Harshen ba da umarni ne tsakanin ubangida da lebura a zamanin mulkin Turawa da wariyar launin fata. Baƙon da ya ce mina funa a maimakon ngifuna, ko da da zuciya ɗaya, kunnen Bazulu wancan zamanin yake jiyowa. Gara mutum ya yi jimla gajera daidai.

Shi kuma aikatau, jimla guda ake curewa a kalma ɗaya. Ngiyakubona: ngi ni, ya alamar lokaci, ku kai, bona gani. Wannan ya ɗin tana ruɗa masu koyo. Tana fitowa ne idan aikatau ne ƙarshen magana, ta ɓace idan wani abu ya biyo baya: ngiyafunda, ina karatu, amma ngifunda isiZulu. Korewa a- a gaba, -i a ƙarshe: angifundi. Nan gaba ngizofunda. Wanda ya wuce kwanan nan ngifundile, na can baya ngafunda, da a mai tsawo. Ɗafa-ƙeyar aikatau kuwa za ta yi wa Bahaushe daɗi, don ta yi kama da yadda muke juya saya zuwa sayar, koya zuwa koyar: funda, koya, fundisa, koyar, thenga, saya, thengisa, sayar, pheka, dafa, phekela, dafa wa, bona, gani, bonana, ga juna, bonwa, a gan shi.

Mai Ƙamus: Bari in taɓo abin da ke sa mutane jefar da littafi. Ka ji kalma, ka buɗe ƙamus, ba ka same ta ba. Dalili shi ne manyan ƙamusoshin Zulu, har da na Doke da Vilakazi na 1948, bisa saiwa aka jera su, ba bisa yadda kalma ta fito ba. Umuntu tana ƙarƙashin n, wato -ntu. Isandla tana ƙarƙashin a. To cire ɗafin ma ba kullum yake da sauƙi ba, saboda n ɗin aji na 9 da na 10, wato ajin su inja da izinja, tana canja baƙin da ke bayanta. Tana cinye h: inkosi, sarki, amma jam'i amakhosi, sarauta ubukhosi, saiwar -khosi ce. Tana kuma sa ƙwafa nauyi: xoxa, yi hira, ingxoxo, tattaunawa irin wadda muke yi yanzu. Sifa ma haka: umuntu omkhulu, babban mutum, amma indlu enkulu, babban ɗaki.

Ga wasu canje-canje biyu da ya kamata a sani kafin a je ƙamus. Wasula ba sa zama gefe da gefe, haɗewa suke: a da i su ba da e, a da u su ba da o. Na, wato "da", idan ta haɗu da inja sai nenja, da umuntu sai nomuntu. Na biyu, baƙaƙen leɓe suna komawa ganɗa idan w ta biyo su ko a sunan wuri: bamba, kama, banjwa, a kama shi, bopha, ɗaure, boshwa, luma, ciza, lunywa, umlomo, baki, emlonyeni, a baki. Wanda bai san wannan ba zai nemi "bosh" har ya gaji. Sunan wuri e- ne a gaba, sau da yawa da -ini ko -eni a baya: intaba, dutse, entabeni. Durban a bakin masu gari eThekwini ce, Johannesburg eGoli, Pietermaritzburg eMgungundlovu. A rubutu babban harafi yana kan saiwa ne, ɗafin da ƙaramin harafi.

Abin sha'awa ga mu Hausawa: a wancan ƙamus na 1948 da littattafan zamaninsa ɓ mai lanƙwasa aka yi amfani da ita, irin tamu sak. Daga baya aka sauke ta aka koma b da bh. Tsofaffin rubuce-rubuce kuma ba su sa h ɗin huci, suna rubuta dhl a wurin dl, suna rarraba kalmomi. Sunan jaridar da John Dube ya kafa a 1903, Ilanga lase Natal, shaida ne.

Na Damagaram: Malamai, ku ba mu abin da za a faɗa a bakin titi mana, nahawu ya yi yawa.

Hajiya Mai Alli: To ga shi. Mutum ɗaya sawubona, mutane da yawa sanibonani, amsa yebo, sawubona. Dattijo ko da shi kaɗai ne ana iya ba shi ta jam'i, kamar yadda muke ce wa babba "ku". Unjani ko ninjani, yaya kake, yaya kuke. Amsa ngikhona ko ngiyaphila, a jam'i sikhona, siyaphila. Ba a shiga buƙata sai an gaisa, wannan ba sai an koya wa Bahaushe ba. Godiya ngiyabonga. Roƙo ngicela, kamar ngicela amanzi, a taimaka min da ruwa. Ngifuna, ina so, tana da kaushi a wajen wanda ba ka sani ba. Ban haƙuri uxolo. Sallama ta rabu biyu: mai tafiya ya ce wa na zaune sala kahle, na zaune ya ce masa hamba kahle. A kasuwa malini, nawa ne. Kuyabiza, ya yi tsada. Idan an yi maka sauri, angizwa, ban ji ba, ngisafunda, ina kan koyo.

Kiran mutum: sa'an mahaifi baba, sa'ar mahaifiya mama, tsoho mkhulu, tsohuwa gogo, sa'anka bhuti ko sisi. A lura, wasalin farko yana faɗuwa idan kira ake yi. Ubaba idan ana zancensa, baba idan da shi ake magana. USipho ya tafi, amma "Sipho, zo nan".

Baffa na Yola: A ƙara da izithakazelo, kirarin zuriya. Kowane sunan dangi yana da nasa, kuma kiran mutum da shi girmamawa ce babba, musamman wajen godiya. Khumalo ana ce masa Mntungwa, Buthelezi Shenge, Mkhize Khabazela, Zuma Msholozi ko Nxamalala, gidan sarauta Ndabezitha ko Mageba. Sarki kuwa Bayede ake gaishe shi, kuma yana da imbongi, maroƙin da ke jero masa izibongo, kirarin kakanni. Ita kuwa "ka" da ke cikin suna "ɗan" take nufi: Misuzulu kaZwelithini, sarki mai ci, ɗan Goodwill Zwelithini da ya rasu a Maris na 2021.

Basakkwace: Akwai wata al'ada da ta shafi harshen kai tsaye, ukuhlonipha. Matar aure a gidan gargajiya ba ta faɗin sunan surukinta, ba ma sunan kaɗai ba, har gaɓoɓin da ke cikinsa idan sun fito a wata kalma, sai ta nemi madadi. Mu alkunyarmu ta tsaya ga ƙin kiran sunan miji, suruki ko ɗan fari, su sun kai ta cikin kalmomin yau da kullum. Ana yi wa sarakuna ma: saboda Sarki Mpande an kauce wa impande, saiwa, aka koma ingxabo. Wasu masana suna ganin ta wannan ƙofa ce sautukan ƙwafa suka bazu, domin asalinsu na harsunan Khoi da San ne, mutanen da aka tarar a yankin aka yi cuɗanya da auratayya da su, kuma hanya mafi sauƙi ta kauce wa gaɓa ita ce a musanya baƙinta da baƙon sauti. A birane al'adar ta ja baya sosai.

Ɗan Bakin Kasuwa: Na gode ƙwarai. Tambaya biyu. Na ga nama a Zulu inyama ne, ko akwai dangantaka da Hausa? Sannan idan mutum ya iya Zulu, iya ina za ta kai shi?

Mai Ƙamus: Ba dangi ba ne. Hausa 'yar Cadi ce a cikin gidan Afro-Asiya, Zulu Bantu ce a gidan Neja-Kongo. Kalmar nama mai yawo ce a harsunan Afirka da yawa, kalma ɗaya kuma ba ta ƙulla zumunci. Alaƙar da ke akwai ta ƙasa ce: masana sun fi karkata ga cewa daga yankin iyakar Najeriya da Kamaru harsunan Bantu suka bazu shekaru dubbai da suka wuce, kuma Tibi da harsunan Jarawan Bauchi sun fi Hausa kusanci da Zulu nesa ba kusa ba.

Batun nisa kuwa, a ƙidayar 2022 kashi 24.4 cikin ɗari na mutanen Afirka ta Kudu Zulu suke yi a gida, wajen mutum miliyan 15, ita ce ta ɗaya, Xhosa na biye da kashi 16.3. A KwaZulu-Natal, lardin da Durban take, kusan huɗu cikin biyar ne, kuma ita ce kan gaba a Gauteng, lardin Johannesburg. Tana cikin harsunan hukuma 12 na ƙasar tun da aka ƙara maganar kurame a 2023. Da ita za ka fahimci Xhosa da yawa, kodayake su ndi- suke cewa a wurin ngi-, gaisuwarsu molo, godiya enkosi. Swati tana sa t a inda Zulu ke da z. Ndebelen Zimbabwe, wajen Bulawayo, ta fi kusa, don mutanen Mzilikazi ne da suka rabu da Shaka, sarkin Zulu, a shekarun 1820. A Pretoria da Limpopo da Free State harsunan Sotho da Tswana sun fi ƙarfi, kuma ba kowa ke son a faro masa da Zulu ba.

Na Damagaram: A faɗi ɗaya gefen ma. A rikicin ƙin jinin baƙi na Mayun 2008, da aka kashe mutum 62, an ruwaito masu farmaki suna tare mutum su nuna gwiwar hannu su ce ya faɗi sunanta da Zulu, indololwane, kalmar da ko 'yan birni ba duka suke amfani da ita ba. Harshe yana buɗe ƙofa a can, amma ana kuma yin shinge da shi.

Malam Mai Furuci: Haka ne. Saura karin sauti, wanda ba mu taɓa ba. Biyu ne, sama da ƙasa, ba a rubuta su, daidai da Hausar boko. Umfundisi na iya zama malamin makaranta ko limamin coci, kari ne ke rabawa. Kunnen Bahaushe a shirye yake, amma akwai abu biyu sababbi. Baƙaƙe masu nauyi kamar bh, d, g, v, z, dl, gc, gq suna danne karin gaɓarsu ƙasa. Sannan tsawon wasali ba kamar namu ba ne na gari da gāri, gaɓar kusa da ƙarshe ce ake ja a ƙarshen magana: sawuboona, ngiyaboonga. M ta um- gaɓa ce mai zaman kanta, umfana gaɓa huɗu ce a kunne, u-m-fa-na. Wannan ba a koyonsa a takarda. A saurari Ukhozi FM, tashar Zulu ta gidan rediyon ƙasar da ke Durban, ana samunta a intanet. Labarai sun fi dacewa da mai koyo don Zulun ma'auni ake yi. Karatu kuma jaridar Isolezwe, da ta fara fita a 2002.

Hajiya Mai Alli: Amma a sani Zulun labarai daban, na Soweto a Johannesburg daban. A Gauteng ana cakuɗa ta da Turanci, Afirkans da Sotho a jimla guda. Kalmomin aro ma sun shige azuzuwa abinsu: itafula, tebur, da ifasitela, taga, daga Afirkans, isikole da isitulo, makaranta da kujera, an ɗauki s ɗin farkonsu a matsayin isi-, sai jam'i ya zama izikole, izitulo. Wayar hannu tana da suna na gida, umakhalekhukhwini, mai kuka a aljihu, amma iselula ko ifoni za ka fi ji.

Ɗan Bakin Kasuwa: Ƙirga fa? Mai ciniki ai da ita zai fara.

Mai Ƙamus: Kada ka wahalar da kanka. Farashi, lambar waya da lokaci da Turanci ake faɗinsu ko a ƙauye. Abin da kake buƙata biyu zuwa biyar ne, don su sifa ne masu bin aji: abantu ababili, izinkomo ezimbili, abantu abathathu, izinkomo ezintathu. Daga shida lissafin yatsu ne: isithupha, babban yatsa, shida; isikhombisa, manuni, bakwai; isishiyagalombili, a bar biyu, takwas; isishiyagalolunye, a bar ɗaya, tara. Goma ishumi, ɗari ikhulu, dubu inkulungwane.

Baffa na Yola: Ka duba h ɗin da ta ɓace a ezintathu. Dokar inkosi da amakhosi ce ta sake dawowa.

Malam Mai Furuci: Ta farko ce ta ɓace, Baffa, ta bayan n. Ta biyun tana nan, kuma dole takardar nan ta motsa a kanta.